Maƙwabci ya ce mini "pet", maigida ya ɗauki zafi, ni kuma Turancin garin ya gagare ni

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Zariya, wata biyar ke nan da na kama aiki a wani asibiti kusa da Newcastle, arewa maso gabashin Ingila. Na ci jarrabawar Turanci ta OET tun ina gida, amma in tsofaffin nan suka buɗe baki sai in rantse ba Turanci suke yi ba. Kwanan baya wata tsohuwa ta ce tana shan maganinta "with me tea", na rubuta da safe, ashe da yamma take nufi. Allah ya taimake ni shugabar ɗakinmu ta gani kafin a ba ta. A gida kuma maigidana ya ji maƙwabcinmu, wani dattijo, ya ce mini "morning, pet". Ya duba ƙamus ya ga dabbar gida ce, ko abin lele. Ga direban bas da ke ce mini "love". Maigida ya ce ko dai raini ne ko nema, ya hana ni amsa gaisuwarsu. A wurin aiki kuwa na koma gyaɗa kai kawai, don kunyar yawan tambaya. Ina mafita?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba da ladan aiki. Mun san maganar maigida ce ta fi ci miki rai, kuma za mu zo kanta, domin tana da sauƙin warwarewa. Abin da ya fi tayar mana da hankali a wasiƙarki shi ne gyaɗa kan nan. Nas da ta gyaɗa kai a kan maganar da ba ta gane ba ta sa hannu ke nan a takardar da ba ta karanta ba, kuma ran mutum ne a cikin takardar. Daga yau a daina. Kunyar tambaya minti ɗaya ce, kuskuren magani kuwa yana iya bin ki har gaban hukumar NMC da ta ba ki lasisi.

Ki fara da cire wa kanki zargi. OET da takwararta, jarrabawar IELTS, suna auna Turancin littafi da na rediyo, shi kuwa mutumin bakin kogin Tyne, inda Newcastle take, yana magana da karin harshen da ake kira Geordie, wanda Bature ɗan Landan ma sai ya kasa kunne sosai kafin ya bi shi. Ki tuna yadda Bakano ke yi ranar farko da ya shiga kasuwar Sakkwato, ya ji ana "shina kwana" alhali barci ake nufi, ko ya ji an ce gujjiya ana nufin gyaɗa. Hausar ba ta gagare shi ba, kunnensa ne bai saba ba. To naku ya fi haka nisa. Mutanen Newcastle suna cewa "hoose", "toon" da "doon" a maimakon house, town da down, kuma wannan shi ne tsohon furucin Turanci na ɗaruruwan shekaru da suka wuce. 'Yan kudu ne suka sauya, su suka riƙe. Yaro a wurinsu "bairn" ne, gida "hyem", kuma kalmomin biyu suna da 'yan'uwa har yau a harshen Danmak. Saboda haka kada ki ɗauka gurɓataccen Turanci ne na marasa ilimi. Likita ɗan garin ma in ya koma gida haka yake yi da mahaifiyarsa.

Yanzu ga maganar shayin. A arewacin Ingila, musamman a gidajen ma'aikata, abincin rana shi ne "dinner", wajen ƙarfe 12 zuwa 1. Abincin yamma, wanda ake ci wajen ƙarfe 5 zuwa 6, shi ne "tea", ko da babu shayi ko kofi ɗaya a kan teburin. "Supper" ɗan abin taɓawa ne kafin kwanciya, kamar burodi gasasshe ko biskit. In shayin sha ake nufi, za ki ji "cuppa" ko "brew". A kudu kuma da yawa "dinner" na dare ne, na rana "lunch". Kin ga kalma ɗaya tana iya kai ki ƙarfe 12 na rana ko 7 na dare, gwargwadon garin mai maganar da gidan da ya tashi. Kuma akwai magungunan da wannan ke shafa kai tsaye: warfarin, maganin hana daskarewar jini, bisa al'adar asibitocin can da ƙarfe 6 na yamma ake bayarwa, rivaroxaban, shi ma na hana daskarewar jini, ana shan sa da abinci, ga allurar insulin mai gauraye da ake yi kafin karin kumallo da kafin abincin yamma. In aka karkatar da lokacin, ko dai a ninka wa mutum magani a yini ɗaya ko a bar shi awanni babu.

Maganin wannan ɗaya ne: kada ki rubuta sunan abinci, ki rubuta agogo. Ki tambaya, "What time on the clock is that?" Sai ki maimaita mata, "So six in the evening?" ki jira ta ce "aye", wato e. Sannan ki gwada da kwalin maganin da ta zo da shi da kuma bayanan likitanta na unguwa, ko ki kira mai harhaɗa magani na ɗakinku, domin ƙa'ida ita ce a tabbatar da jerin magani daga tushe biyu, ba daga bakin majinyaci kaɗai ba. Lokacin ma yana da nasa tarkon. "Half eight" takwas da rabi ne. "The morn" gobe ne, ba safiya ba. "The day" yau. "The neet" daren yau. "Fortnight" kwana 14. In abokiyar aikinki 'yar Sheffield ce ko Leeds ta ce za ta yi aiki "nine while five", daga tara zuwa biyar take nufi, domin a Yorkshire "while" na iya zama har zuwa.

Kalmar da muke so ki riƙe da kyau ita ce "tab". A takardun asibiti kin saba ganin ta a matsayin gajeren sunan ƙwayar magani. A bakin Geordie kuwa "tab" sigari ce. Dattijon da ya ce miki yana shan "twenty tabs a day" kara ashirin na taba yake zuƙa, kuma wannan bayani ne da ya shafi huhunsa, ba jerin magungunansa ba. In kika gangara Nottingham, "tabs" kunnuwa ne. Sai "canny", wadda za ki ji sau hamsin a yini. "She's a canny lass" yabo ne, yarinyar kirki. "Gan canny" a tafi a hankali. Amma in ta zo gaban wata siffa ƙarfafa ta take yi: "it's canny sore" yana ciwo ba kaɗan ba. Nas da ta haddace cewa "canny" abu mai kyau ne za ta ji wannan ta wuce da murmushi, alhali mutum ya gaya mata yana shan wahala. Kada kuma ki haɗa ta da "cannae" ta mutanen Sikotilan, wadda ke nufin ba zan iya ba.

Ga na jiki da ciwo, waɗanda tsofaffi a kusan duk ƙasar ke amfani da su. A Najeriya in mutum ya ce "I'm sick" ba shi da lafiya ne kawai. A can "I've been sick" amai ya yi, "I feel sick" zuciyarsa ke tashi, ki kawo mazubi da sauri. Rashin lafiya kuwa "poorly" ne, ko "bad", kamar "she's bad with her chest". Ki lura da nauyin "poorly" a bakin ma'aikata: in shugabar ɗaki ta ce wance "is very poorly", sau da yawa tana nufin jiki ya yi tsanani har ana tunanin kiran dangi. "Waterworks" mafitsara ce da abin da ya shafe ta, "water infection" ciwon sanyin mafitsara, "water tablets" magungunan sa fitsari, "spend a penny" zuwa fitsari. "Have you been?" tambaya ce ko an yi bayan gida. "The runs" gudawa, "bunged up" ko dai ciki ya ɗaure ko hanci ya toshe, sai kin tambaya wanne. "Down below" al'aura, "back passage" dubura. Tsoho ɗan Newcastle na iya neman "netty", wato ban ɗaki. "Clamming" yunwa, "paggered" gajiya liƙis, "mortal" buguwa da giya, "spelk" sartse. A Yorkshire da Lancashire tsohuwa na iya cewa "starved" alhali sanyi take ji, bargo take so.

Wadda ba a wasa da ita ita ce "funny turn". Ba abin dariya ba ne. Tana iya zama jiri, ko suma, ko farfaɗiya, ko sukari ya faɗi, ko ƙaramin shanyewar ɓarin jiki da ya zo ya wuce. Kada ki rubuta ta haka a takarda ki tafi. Ki zauna ki warware: yaushe, minti nawa, ya faɗi ƙasa, ya san inda yake, baki ya karkace, hannu ya mutu, magana ta sarƙe, wa ya gani.

Akwai kuma halin da za ki gane nan take in kin tuna gida. Ki je duba marar lafiya a asibitin Shika, yana numfashi da ƙyar, ki ce masa yaya jiki, zai ce "da sauƙi". Babu Bahaushen da ke jin wannan ya ɗauka an warke. Su ma haka suke. "Not too bad", "mustn't grumble", "fair to middling", "I don't want to be a bother", duk "da sauƙi" ne. "I'm not too clever today" ba dabara ce ta ƙare masa ba, jiki ne ba daɗi. Tsofaffin yankinku 'ya'yan masu haƙar kwal ne da masu ƙera jiragen ruwa, an tashe su a kan cewa raki abin kunya ne. Don haka ki ba shi ma'auni: daga sifili zuwa goma, ciwon nawa ne? Ki ce ya nuna wurin da yatsa ɗaya. Ki kalli fuska da numfashi da yadda yake juyawa a gado, ki gaskata awon da kika yi fiye da ladabin bakinsa.

Awo ma haka. Za a ce miki nauyi "twelve stone four", wato stone 12 da fam 4. Stone ɗaya fam 14 ne, kilo 6.35, don haka wannan ya kama kilo 78. Ki iya lissafin don ki fahimci maganarsu, amma in za a auna magani da nauyi, a ɗora mutum a sikeli. Pint ɗaya mililita 568 ne, rabinsa 284, kina buƙatarsu wajen cike takardar ruwan da aka sha. Wanda ya ce yana shan "a couple of pints" kuma, ki nemi adadi da yawan ranaku a mako, domin "couple" ba lallai biyu ba ne a bakin mashayi.

Yadda za ki yi tambaya ba tare da kin ji kin faɗi ba: ki ɗora laifin a kan kunne, ba a kan Turancinki ba. "I'm still learning Geordie, say that again slowly for me." Mutanen yankin suna alfahari da harshensu, yawancinsu daɗi za su ji, wasu har su ƙara miki da wasu kalmomin. A waya, ko a lokacin miƙa aiki, ki maimaita duk umarnin da aka ba ki da lambobinsa kafin ki ajiye. Ki sa ƙaramin littafi a aljihu, ki rubuta kalma yadda kunnenki ya ji ta da jimlar da ta zo a ciki, lokacin hutu ki kai wa mataimakan jinya ko masu shara ko masu tura gado. Su ne 'yan gari na asali. Likitoci da nas-nas da yawa baƙi ne kamar ke. A gida ki riƙa kunna BBC Radio Newcastle lokacin da jama'a ke bugo waya, minti ashirin kina girki ya isa. Abin da ya fi wuya ba kalmomin ba ne, sauri ne da kari, kuma kunne ne ke sabawa da su. Za ki lura suna cewa "us" suna nufin ni, kamar "give us a hand", da "me" a wurin my, da "wor" a wurin our, har "wor lass" ta zama matata. "Divvent" kar ka, "howay" zo mu je ko haba, "wey aye" ƙwarai kuwa. Suna kuma liƙa "man" a ƙarshen magana ko da mace suke yi wa.

Shugabarki in ta tare ki da "You alright?" ba ta ga alamar ciwo a fuskarki ba. "Ina gajiya" ce, amsarta "ba gajiya". Ki ce "Alright, you?" ki wuce.

To, mu zo kan "pet". Ki gaya wa maigida, cikin ladabi, cewa ƙamus bai yi ƙarya ba amma bai faɗi duka ba. A Newcastle da Gateshead da Sunderland da Durham, "pet" kalmar sakin fuska ce da ake liƙa wa gaisuwa. Tsohuwa na faɗa wa saurayi, mai kanti na faɗa wa mai saye, nas na faɗa wa majinyaci, uwa na faɗa wa ɗanta. Tana da 'yan'uwa: "hinny", "flower", "petal", "bonny lass", "bonny lad". Shi da kansa ya san irin wannan. Mai atamfa a Kantin Kwari yana ce wa matar da bai taɓa gani ba "amarya, zo ki duba", ko "Hajiya" ga wadda ba ta taɓa taka Makka ba, kwandasta ya ce wa dattijo "Baba". In Bature ya buɗe ƙamus ya ga ma'anar amarya, zai rantse mai atamfa aure yake nema. Kuskuren da maigida ya yi ke nan, kuma kuskure ne na mai kishin iyalinsa, ba abin a yi masa dariya ba.

Kowane yanki da tasa. A Leeds da Sheffield "love" ce, har ƙato direban bas ya faɗa wa ƙato ɗan'uwansa ba wanda ya ɗaga gira. A Stoke da Derby da Nottingham da Leicester "duck" ce, agwagwa in an bi ƙamus, gaisuwarsu "ay up me duck". Birmingham "bab". Glasgow mace "hen" ce, kaza ke nan, namiji "pal". Liverpool "la" ko "lad" ga namiji, "queen" ga mace a bakin tsofaffi. Lancashire "chuck" da "cock". Kudancin Wales "butt" tsakanin maza. A Bristol da Devon da Cornwall kuwa tsohuwa mai sayar da burodi za ta miƙo canji ta ce "there you go, my lover", kuma babu komai a ranta sai cinikinta. Da can aka tura ku, da rigimar gidanku ta fi haka.

In aiki ya kai ki Sikotilan wata rana, ki sake sabon littafi. A can "jag" allura ce, "oxter" hammata, "greeting" kuka, "the boak" tashin zuciya, "stookie" filastar karaya, "peely-wally" fuska ta koɗe, "messages" cefane, "piece" burodi mai haɗi, "wean" yaro a Glasgow. In ɗan Glasgow ya ce "how?" sau da yawa don me yake tambaya. A Liverpool "made up" murna ce, "ozzy" asibiti. A Manchester "mither" damun mutum. A Wales "now in a minute" da "dreckly" ta Cornwall duk "ina zuwa" ce irin tamu, ba ranar isowa. Landan kuma samarinta sun haɗa nasu daga bakin 'yan Jamaika da sauran baƙi, har za ki ji yaro Bature yana rantsuwa da "wallahi".

Wannan ba ya nufin duk abin da aka ce miki ki haɗiye. Akwai iyaka, kuma ga yadda ake gane ta. Ki duba ko mai maganar yana faɗa wa kowa, tsoho da yaro, mace da namiji, ko ke kaɗai. Ki duba ko a bainar jama'a ne, a wutsiyar magana ta yau da kullum, ko sai ya ga ba kowa. Ki duba ko kalmar ta tsaya a gaisuwa ko ta gangaro jikinki. "Morning, pet" ta tsallake duk ukun. "You're fit", "sexy", "I fancy you" ba su tsallake ba, sha'awa ce a fili, duk da cewa "do you fancy a brew?" tayin shayi ne kawai. In aka haɗa da taɓa jiki, ko neman lambar waya, ko maimaitawa bayan kin ce a bari, an fita daga karin harshe. Haka duk maganar da ta taɓa launin fatarki ko hijabinki ko ƙasarku, ko da an ce "it's just banter", wato wasa ne. Wasa sai da yardar wanda ake yi da shi. Dokar Equality Act ta 2010 ta haramta cin zarafi a wurin aiki saboda launi ko addini ko jinsi a Ingila da Wales da Sikotilan, kuma tun Oktoban 2024 doka ta ɗora wa masu ɗaukar aiki nauyin ɗaukar matakin hana cin zarafi na lalata tun kafin ya faru. In ya faru, ki rubuta rana da lokaci da ainihin kalmomin da sunan wanda ya ji, a ranar, kafin ki manta. Ki kai wa shugabar ɗaki, ki shigar a tsarin rahoton asibiti, wanda a wurare da yawa Datix ne. In ba a yi komai ba, akwai jami'in Freedom to Speak Up na asibitinku, mai sauraron koken ma'aikata, akwai ƙungiyarku ta ƙwadago, RCN ko Unison, akwai kuma Acas, hukumar sasanta rikicin wurin aiki, da ke ba da shawara kyauta. Majinyaci mai ciwon mantuwa hukuncinsa daban, amma shi ma a rubuta, don a san yadda za a raba aiki.

Ko kalmar ba ta da aibu, kina da ikon cewa ba kya so. "I'd rather you used my name, thanks", da fara'a, ya wadatar, kuma yawanci za su ba da haƙuri. Sai dai shawararmu ki ajiye wannan don abokan aiki da wanda kike gani kullum. Tsohuwa mai shekara 85 da ke cikin ciwo ta ce miki "thanks, pet", godiya ce ta yi da iyakar abin da take da shi.

Ke kuma kada ki yi saurin mayar musu. Baƙon da ya kwana biyu ya fara kwaikwayon karin gari, sai a ji kamar gatse yake. Majinyaci ki tambaye shi, "What do you like to be called?" ki rubuta, ki kira shi da shi. Kada ki ce wa tsohuwa "Mama" ko "Mummy" ko tsoho "Daddy" yadda ake girmamawa a gida. A can wasu za su ji an mayar da su abin tausayi, wasu su rikice. "Sister" kuma muƙami ne na babbar nas mai riƙe da ɗaki, ba sunan kowace nas ba kamar yadda muke cewa sista. Sannan ki kiyaye wannan: mutumin Sunderland ba Geordie ba ne, Mackem ne, kuma hamayyar garuruwan biyu, musamman a ƙwallo, ta gaske ce. Ɗan Sikotilan ko Wales ma kada ki ce masa ɗan Ingila.

Saura yadda za ki bi da maigida. Kada ki tsaya musu da shi a kan ma'anar kalma, domin in ya ji kina kare wani namiji, ko gaskiya ce a bakinki ba zai ji ta ba. Ki bar kunnensa ya yi masa shaida. Ranar Asabar da ba ki da aiki ki ce ya raka ki cefane Grainger Market, tsohuwar kasuwa mai rufi da ke tsakiyar Newcastle tun 1835. Ku tsaya a layin mai kayan miya ko mai kifi, ki bar shi ya yi cinikin da kansa. Kafin layi ya iso kanku zai ji an ce wa mutum biyar "pet", cikinsu da tsoho mai sanda, kuma da wuya ku fita ba wata dattijuwa ta miƙa masa canji ta ce masa "there you are, pet" shi ma. Kada ki ce "ka gani ko?" Ki yi shiru, ya kawo maganar da kansa a hanya.

Ki kuma duba halin da yake ciki. Namijin da ya bar aikinsa da majalisarsa da 'yan'uwansa ya biyo iyali ƙasar sanyi, matarsa na fita awa goma sha biyu tana cuɗanya da mutanen da ba ya jin maganarsu, ƙaramin abu na iya yi masa girma. Littafin aljihun nan naki ku riƙa dubawa tare bayan sallar isha'i. Shi ma yana buƙatarsa a wurin neman aiki da makarantar yara da wajen likita. In akwai masallaci kusa, ya tambayi waɗanda suka shekara ashirin a garin, zai ji amsar daga bakin maza 'yan'uwansa, wadda ta fi shiga.

Hana amsa gaisuwa kuwa a sake dubawa. Maƙwabci yana da haƙƙi a addini ko ba Musulmi ba ne, kuma a unguwannin can shi ne mai karɓar muku saƙo in ba kwa nan, mai tuna muku ranar fitar da shara, mai buga ƙofa in ya ga hayaƙi. Dattijon da aka daina amsa wa gaisuwa ba zai san dalili ba, zai ɗauka ƙyamarsa kuke yi, ya gaya wa na kusa da shi. Abin da ya fi shi ne maigida ya riga ki. Gobe da safe in ya ga dattijon a ƙofar gida ya ce masa "Morning, you alright?", ya miƙa hannu, ya faɗi sunansa, ya ce ga matata, ya faɗi sunan da yake so a kira ki da shi. Daga ranar dattijon ya san akwai maigida a gidan, ya kuma san sunanki. Ke kuma gaisuwarki ta tsaya a "Morning" da ɗaga hannu daga nesa, ba tsayawa hira ba. Direban bas in za ki sauka ki ce masa "thank you", haka kowa ke yi a yankin, ki sauka abinki.